Ɗaurin Igiya Irin na Japan: Yadda Ake Farawa Ba Tare da An Kashe wa Wani Hannu Ba

Mako uku na yi ban iya ɗaga kofin shayi da hannun dama ba. Hannun yana nan lafiya lau a ido, ba kumburi, ba ƙujewa, amma daga wuyan hannu zuwa yatsu ya langaɓe kamar alayyahon da ya sha rana. In na ce masa ya ɗago, sai ya yi kamar ba da shi nake ba. Abin da ya jawo wannan bai kai minti goma ba. Maigidana ya ɗaure mini hannuwa ta baya a wani ɗakin koyon ɗauri da ke kudancin Landan, igiya ta zauna a tsakiyar dantse, na ji bayan babban yatsana ya fara yin wani iri, na yi shiru. Na ga ya duƙufa, gumi na tsattsafo masa a goshi, ɗaurin ya fara kyau a karon farko, ga mutane a gefe. Sai na ce a raina bari in daure ya gama.

Wannan kawaicin da aka raine mu da shi, wanda ake yabon mace a kansa a gidan miji, shi ne ya kashe mini hannu. Igiyar ba ta da laifi sosai.

Bayanin nan a kan ɗaurin igiya ne da ma'aurata ko masoya suke yi wa juna don nishaɗi, kuma na manya ne, waɗanda suka haura shekara 18, masu hankalin kansu, waɗanda su biyun suke so. Ni da maigidana junanmu kaɗai muke ɗaurewa, a ajin koyo kuma da tufafinmu a jiki kamar masu motsa jiki. Hukuncin addini fagen malamai ne. Abin da na zo da shi shi ne yadda za a yi abin ba a nakasa kowa ba, domin masu kallon hotuna a waya su tashi su gwada da igiyar shanya sun fi yadda ake zato yawa.

Daga ina abin ya fito

Ɗaurin da ake koyarwa a Landan da Balin ta Jamus da sauran biranen Turai yawanci na Japan ne. Suna ce masa shibari, wato ɗauri kawai, ko kinbaku, ɗauri mai tsauri. Tushensa ba na soyayya ba ne. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, dogaran Japan suna da fasahar ɗaure fursuna da ake kira hojojutsu. Daga baya wani mai zane, Ito Seiu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1961, ya shigar da ɗaurin cikin zane da hoto, mujallu irin su Kitan Club kuma suka yaɗa shi a shekarun 1950. Na kawo wannan don dalili ɗaya: wasu siffofin ɗaurin an gaje su ne daga inda ba a damu da lafiyar wanda aka ɗaure ba. Kyawunsu a hoto ba ya nufin jiki yana son su.

Mataki na farko: a san mutanen kafin a taɓa igiya

Masu wannan harka a biranen nan suna da zama iri uku. Akwai na hira zalla, wanda suke kira munch, a gidan shayi ko gidan abinci, kowa da kayansa na yau da kullum, ba igiya ba komai. Akwai ajin koyo mai malami. Akwai kuma daren atisaye, inda kowa yake zuwa da abokin ɗaurinsa ya shimfiɗa tabarma ya maimaita abin da ya koya, masu kula da wuri suna zagayawa. A fara da na hira, sannan aji. Wanda ya ce miki ki tsallake duk wannan ki zo gidansa ya koya miki ke kaɗai, kin ga kura da fatar akuya.

Wurin kirki ana gane shi tun daga bakin ƙofa. Za a duba shekaru. Akwai rubutacciyar doka a bango ko a takarda: ba a taɓa mutum ko igiyarsa sai da izini, ba a ɗaukar hoto, ba a tsoma baki cikin ɗaurin wasu. Akwai wanda aka ware don karɓar ƙorafi, kuma za a faɗa miki ko wane ne. Malamin zai ɓata rabin ajin farko a kan jijiyoyi kafin ya nuna ƙulli ko ɗaya. In ya fara da rataye mutum don a yi masa tafi, ki ɗauki jakarki.

In ba da mijinki ko matarka za a yi ba, al'adar wurin ita ce a yi tambaya. Ana tambayar waɗanda mutum ya taɓa ɗaurewa: yaya ya yi da kika ce ya tsaya? Ya taɓa ji wa wani ciwo, kuma me ya yi bayan nan? Gwanin da ya ce bai taɓa kuskure ba, ko maƙaryaci ne ko ba ya waiwayar mutanen da ya ɗaure. Kuma a bar wa wata aminiya adireshin inda za a je da lokacin da za a kira ta.

Ba kowa ke amfani da sunansa na gaskiya a wuraren nan ba. In ka haɗu da wanda ka sani a can, abin da ka gani ya tsaya a can. Mu da labari yake isa Kano kafin mutum ya sauka daga bas, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mataki na biyu: maganar da ake yi kafin ɗauri

Ana yin ta a zaune, da tufafi, igiya na cikin jaka, ba wanda ya sha abin da zai gusar masa da hankali. Tun 1983 wata ƙungiya a New York ta fito da taken da ya yaɗu: a yi abu cikin kariya, cikin hankali, cikin yarda. Wajen 1999 wasu suka ce kalmar kariya tana yaudara, domin ba ɗaurin da ba shi da haɗari, suka fi son a ce yarda bayan an san haɗarin. Ni ina tare da na biyun. Wadda ba a gaya mata hannunta zai iya mutuwa na wata uku ba, ba ta yarda da komai ba tukuna, ko da ta ce to.

A fara da lafiyar jiki, kuma a faɗi gaskiya. Tsohuwar karaya ko targaɗe, kafaɗar da ta taɓa gocewa, ciwon baya, asma, farfaɗiya, hawan jini, juna biyu, maganin tsinka jini. Mai ciwon suga da ya daɗe, jijiyoyin ƙafarsa da hannunsa sukan rage ji, ba zai ji gargaɗin da wani zai ji ba. Sai abin da malaman Turawa sukan manta amma mu ya shafe mu ƙwarai: sikila. Duk abin da zai tare jini a gaɓa yana iya tayar da ciwon. Mai amosanin jini kada ya shiga ɗauri mai matsi sam, ya fara magana da likitansa.

Sannan iyaka. Ina za a taɓa, ina ba za a taɓa ba? Ɗauri ne zalla ko akwai wani abu bayansa? Za a rufe ido? Za a taɓa gashi ko ɗankwali? An yarda igiya ta bar shaida a inda mutane za su gani gobe a wurin aiki? Hoto fa, a wayar wa, fuska a ciki ko babu? Hanya mafi sauƙi ga masu farawa ita ce a lissafa abin da aka yarda da shi, duk abin da ba a ambata ba a ɗauke shi haramtacce a wannan zaman. Kuma ba a ƙara sabon abu bayan igiya ta hau jiki. Wanda aka ɗaure yakan shiga wani yanayi kamar mai gyangyaɗi, zai ce to ga abin da da safe ba zai yarda da shi ba. Ragewa ana yi a kowane lokaci. Ƙari sai wani zaman.

A gida muna cewa shiru ma amsa ce. A nan ba amsa ba ce. Aure ma ba ya maye gurbin tambaya: yardar jiya ta jiya ce, yau sai an sake nema. Kuma mai ɗauri shi ma yana da ikon cewa a'a, ko ya ce wannan ɗaurin ya fi ƙarfin iliminsa.

Sai kalmar tsayarwa. Yawancin wurare suna amfani da launin danjar titi: kore a ci gaba, ruwan ɗorawa a sassauta a duba, ja a tsaya a kwance nan take. Ga masu farawa ina ganin kada a wahalar da kai: daina tana nufin daina, tsaya tana nufin tsaya. Saboda baki yakan ƙi buɗewa, a ƙara da alamar da ba ta buƙatar murya, kamar a riƙe makullai a hannu, in sun faɗi an tsaya.

Abin da ya fi duk wannan wuya shi ne koya wa mai kunya ta yi magana. Bayan hannuna ya warke, maigida ya zaunar da ni ya ce, "Uwargida, in kin ji ko ƙaiƙayi ne ki faɗa. Gara ki katse ni sau goma da in sake ganin kina shan shayi da hagu." Na ce, "To ai kai ma, Yallaɓai, sai ka daina ɓata fuska in an ce ka kwance." Ya yi dariya, amma ya gane. Duk mai ɗaurin da ya ja tsaki ko ya nuna an ɓata masa aiki, ya koya wa abokin ɗaurinsa yin shiru ke nan. Mun yi atisayen abin da gangan: ya ɗaura, in ce ja ba tare da wani dalili ba, ya kwance, ya ce na gode. Sau da yawa, har bakina ya saba.

Mataki na uku: kaya

Igiyar da aka fi amfani da ita ta jut ce, mai kaurin milimita 5 zuwa 6, tsawon mita 7 zuwa 8. Na daɗe ina riƙe ta kafin in san cewa daga ɓawon karan lalo ake yin ta, lalon nan dai na miya, wanda ake nomawa gona-gona a Bangaladesh da Indiya saboda zarensa. Ba ta da nauyi, ba ta talewa, ƙullinta yana zama. Sabuwa takan zo da ƙaiƙayi da warin mai, sai an babbake gashinta sama-sama a kan wutar gas an shafa mata ɗan mai. Ba ta son ruwa. Ta auduga ta fi laushi da araha, ana wanke ta, amma ƙullinta yana cijewa ya zama ɗaurin kawo wuƙa. Ta nailan tana santsi, kuma in aka ja ta da sauri a kan fata tana ƙuna. Igiyar roba ta ɗaure rago, igiyar shanya, wayar caja, siririn ɗankwali mai santsi, duk a bar su. Abu in ya cika siranta yanka yake yi. Guda biyu ko uku sun ishi mai farawa.

Abin da ba a farawa sai da shi: almakashin ma'aikatan agaji, mai lanƙwasasshen baki marar tsini, wanda ake yanke bandeji da tufafi da shi. Ba wuƙa ba, ba reza ba. A gwada shi a kan guntun igiyar tun kafin ranar. Wurinsa a jikin mai ɗauri ko inda hannunsa zai kai ba tare da ya tashi ba, ba cikin jaka a ɗaya ɗakin ba. A ajiye ruwan sha, ɗan abin zaƙi kamar dabino, bargo, waya mai caji, da tocila ko da wuta za ta ɗauke. A cire zobe, agogo da awarwaro.

Mataki na huɗu: jijiyoyi, inda duk haɗarin yake

Hausa ta haɗa abubuwa biyu a kalma ɗaya, dole a raba su a nan. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar saƙo, wadda take kai ji da umarnin motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓa. In jini ne ya taru, abin a hankali yake zuwa: hannu duka ya yi nauyi, ya yi sanyi ko ya kumbura, minjirya ta kama shi gaba ɗaya. In jijiyar saƙo ce aka danne, alamar takan tsaya a wani yanki kaɗai, yatsa biyu ko bayan hannu, ko a ji kamar an ja wutar lantarki, ko ƙarfi ya tafi. Wani lokaci ba zafi ko kaɗan. Tana iya lalacewa cikin mintoci ƙalilan. Mugun abin shi ne taruwar jini tana rufe alamar: in hannu duka ya yi dindiris, ba yadda za a gane ko wata jijiya tana mutuwa a ƙarƙashi. Shi ya sa mai farawa ba ya jira ya tantance. Ji ya canza, a sassauta.

Manyan jijiyoyin saƙo uku ne a hannu. Ta farko, wadda ta kayar da ni, likitoci suna ce mata radiyal. Tana zagayo ƙashin dantse ta baya ta fito ta gefen waje, wajen tsakiyar dantse, ƙasa da inda naman kafaɗa ya ƙare. A nan take kwance a kan ƙashi ba wani matashi. Ita ke ɗaga wuyan hannu da yatsu, ita ke ba da ji a bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuni. Ita ce kuma take mutuwa in mutum ya yi barci mai nauyi hannunsa na rataye a bayan kujera. Reshenta yana bi ta gefen wuyan hannu ta wajen babban yatsa, inda ankwa take danne wa fursunoni. Ta biyu, alna, tana bi ta bayan gwiwar hannu ta ciki, wurin nan da in ka buge shi kake jin tartsatsi har ƙaramin yatsa. Nata yankin ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi. Ta uku, midiyan, tana ratsa tsakiyar wuyan hannu ta ciki, tana kula da tafin babban yatsa, manuni da na tsakiya.

A ƙafa, wadda aka fi ji wa ciwo tana gefen gwiwa ta waje, daidai ƙasan wani ɗan ƙashi mai tudu da za ka ji in ka shafa. In ta mutu, mutum ba ya iya ɗaga tafin ƙafa, sai ya riƙa jan ta. Hammata, matsematsi, bayan gwiwa da cikin gwiwar hannu duk matattarar jijiyoyi ne, igiya ba ta zama a cikinsu. Ba a ɗaura ƙulli a kan gaɓa ko kan ƙashi. Inda nama yake da kauri ake nema: cinya, tsakiyar sangalin hannu, ƙugu.

Wuya kuwa babu shi a lissafi. Ba sako-sako ba, ba na ado ba, ba na minti ɗaya ba. A watan Satumba na 2011 wata ɗaliba ta mutu a birnin Rum na Italiya a irin wannan ɗauri da igiya a wuya, ta biyun da aka ɗaure tare da ita ta kwanta asibiti rai a hannun Allah, kotu kuma ta kama mai ɗaurin da laifin kisa ba da niyya ba. Duk igiyar da za ta iya zamewa ta koma wuya in mutum ya faɗi, ita ma ta wuya ce.

Wani abu da ya shafe mu: a aji za ka ji ana cewa a lura in hannu ya koma shuɗi ko ja. A fatarmu wannan ba ya fitowa da wuri. A duba tafin hannu da ƙarƙashin farce, a taɓa a ji ɗumi. Amma ko a farar fata launi ba ya faɗin komai game da jijiyar saƙo. Gwajin motsi ne abin dogaro, ga shi kuma, a koya shi kafin a koyi ƙulli: a ɗaga babban yatsa sama, a tanƙwara wuyan hannu baya kamar mai tsayar da mota, a ware yatsu a haɗe su, a taɓa kan babban yatsa da kan ƙaramin yatsa. Sai mai ɗauri ya shafa bayan hannu da kan kowane yatsa ya tambaya ko ji ɗaya ne da ɗaya hannun. A yi shi tun kafin ɗauri don a san yadda hannun yake da can. Matse hannun mai ɗauri kaɗai bai isa ba: ranar da abin ya same ni, ina iya damƙe yatsunsa tsam, ɗagowa ce ta gagara.

Mataki na biyar: ƙullin farko

Kusan duk ɗaurin Japan yana farawa da abu ɗaya, zoben igiya a gaɓa guda wanda ba ya ƙara matsewa komai jan da aka yi masa. A koye shi a ƙafar kujera, sannan a kan cinyar kai, kafin a kai shi jikin wani.

A ninka igiyar biyu daidai. Wajen lanƙwasar shi ne kai, sauran shi ne jela. A bar kan ya yi saura kamar tsawon tafin hannu, a naɗa igiyar sau biyu a gaɓar, layi huɗu ke nan, a kwance gefe da gefe, kada wani ya hau wani. In a hannu ne, a ɗan haura sama da ƙashin wuyan hannu, kada a zauna cikin lanƙwasar. A bar sarari da yatsu biyu za su shige ƙarƙashi ba da ƙyar ba. Sai a gicciya kai da jela, a ɗora kan a bisa dukkan layukan, a cusa shi ta ƙarƙashinsu duka ya fito ta ɗaya gefen. Yatsa ake sawa a janyo shi, ba a tura shi da ƙarfi yana tsinkar fata. Sannan a ƙulla kai da jela, a sake ƙullawa a karo na biyu ta yadda ƙullin zai kwanta daram. Ƙullin a kan igiya yake zama, ba a kan fata ba.

Yanzu gwaji: a ja jelar da ƙarfi. In zoben ya ragu ko kaɗan, an yi zarge, a kwance a sake. Kuskuren da kowa yake yi shi ne ya zura jela cikin lanƙwasar ya ja. Wannan shi ne zargen da ake kama akuya da shi, ƙara ja ƙara shaƙewa. Rubutu yana da iyaka a nan. Wanda ya iya ya duba hannunka sau ɗaya ya fi karatu goma.

Wata na farko a tsaya a ƙasa, a zaune ko a kwance a kan shimfiɗa, hannuwa a gaba. Ɗaurin nan da ake gani a kowane hoto, hannuwa a naɗe ta baya igiya ta zagaye ƙirji da dantse, wanda ake kira takate kote, shi ne ya fi kowanne kashe jijiyar radiyal. Ba na mai farawa ba ne, ko da yake shi kowa ke ɗokin yi.

Mataki na shida: igiya na jiki

Ba a barin wanda aka ɗaure shi kaɗai. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa, ko tukunya ce a wuta, a kwance tukuna. Zaman farko kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar, a yi gwajin yatsu duk bayan 'yan mintoci da kuma duk lokacin da aka canza zama, domin igiyar da take daidai a zaune tana iya komawa kan jijiya in an kwanta.

Wanda hannunsa ke ɗaure ba shi da abin tare faɗuwa, kansa ne zai fara isa ƙasa. Kada a bar shi a tsaye ba riƙo, kada a ɗaure ƙafafu yana tsaye. Suma tana zuwa ba sallama, musamman ga wanda bai ci abinci ba, ko ɗaki ya yi zafi, ko ya daɗe a tsaye gwiwa a sandare. Alamarta hamma, gumi mai sanyi, tashin zuciya, jiri, ko mutum ya yi tsit. Igiyar ƙirji kuma a ɗaura ta yadda zai iya cika huhunsa. Kwanciya rub da ciki hannu da ƙafa a haɗe ta baya tana hana numfashi, ta fi tsanani ga mai jiki ko mai asma. Toshe baki ba na masu farawa ba ne.

Ke da aka ɗaure, aikinki ba kwanciya kawai ba ne. Ki riƙa motsa yatsunki da kanki, ki faɗi abin da kike ji da sunansa: ƙaramin yatsan hagu ya fara tsira-tsira. Wannan ya fi amfani da cewa ba komai.

In abu ya ɓaci

In ji ya canza a wani yanki ko motsi ya ragu, a cire igiyar da ke wurin nan take. In mutum yana cikin hayyacinsa kuma ƙullin zai kwantu da sauri, kwancewa cikin natsuwa ta fi. In ya suma, ko numfashi ya yi wuya, ko ya firgice yana fizge-fizge, ko ƙulli ya cije, a yanke. A tallafe jikin kafin a yanke don kada ya faɗi, a yanka nesa da fuska. Igiya kuɗinta kaɗan ne. Wanda ya suma a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In bai farfaɗo cikin minti ɗaya ba, ko numfashinsa ba daidai ba, a kira motar asibiti: 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.

Hannun da ya mutu ba a murza shi, ba a miƙar da shi da ƙarfi, ba a sake ɗaure shi. Mu da muka saba da a kawo man zafi a mulmula, a nan a riƙe hannu. In rauni ko rashin ji bai wuce cikin 'yan awoyi ba, a ga likita. In hannun ya langaɓe gaba ɗaya, a tafi ranar. Kuma a gaya masa gaskiya: igiya ce, a nan ta zauna, minti kaza. Ni na fara da cewa na kwanta a kansa ne, kunya ta sa, sai da ma'aikaciyar asibitin ta ga layin igiya a dantsena ta tambaye ni a hankali, ita kaɗai ba maigida a ɗakin, ko da yardata aka yi. Tambayar aikinta ce, kuma daidai ta yi. Aka sa mini abin tallafe wuyan hannu. Dannewa marar tsanani takan warke cikin kwanaki zuwa wata uku. In zaren jijiyar ya lalace, yana sake tsirowa ne kamar milimita 1 a rana, daga dantse zuwa yatsu kuwa tafiya ce. Wani ba ya dawowa duka.

Kwancewa da abin da ke biyo baya

A kwance a hankali, a sa yatsa tsakanin igiya da fata in za a ja ta don kada ta ƙona. Gaɓar da ta daɗe a lanƙwashe, mai ita ne zai miƙe ta da kansa, kada a ja masa. Sanyi yakan kama mutum, wani ya yi dariya, wani ya fashe da kuka ba dalili. A rufa masa bargo, a ba shi ruwa, a zauna tare. Shaidar igiya takan baje cikin awoyi, amma a baƙar fata wurin da ya ƙuje yana iya barin duhu na makonni. Kwana ɗaya ko biyu bayan nan wani yakan ji ransa ya ɓaci haka kawai, mai ɗaurin ma yana iya jin haka. A kira juna washegari, a sake gwajin yatsu, a faɗi abin da ya yi daɗi da abin da ba za a maimaita ba.

Ratayewa sama kuwa a manta da ita tukuna. Nauyin jiki duka yana komawa kan 'yan layukan igiya, ƙugiyar fanka ba za ta ɗauki mutum ba, kuma masu yin ta da kyau sun shafe shekaru a gaban malami.

In an ƙetare iyaka

Kuskure daban, ƙetare iyaka daban. Wanda igiyarsa ta zame ya ji miki ciwo, ya tsaya, ya nemi gafara, ya raka ki asibiti, ya yi kuskure. Wanda kika ce ja ya ci gaba, ko ya taɓa inda aka ce kada ya taɓa, ko ya ɗauki hoto a ɓoye, wannan cin zarafi ne, ko mijinki ne ko malamin da kowa ke yabo. A rubuta abin da ya faru da kwanan wata tun ba a manta ba, a ɗauki hoton raunin, a gaya wa mai karɓar ƙorafi na wurin. Wurare da dama suna hana irin waɗannan shiga, amma ba kotu ba ne, kuma sanannen mutum yakan sami masu kare shi. Ƙofar 'yan sanda a buɗe take. A Ingila, tun shari'ar Brown ta 1993 kotun ƙoli ta lokacin ta ce yarda ba ta wanke wanda ya ji wa wani rauni na gaske a irin wannan harka, dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta sa wannan a rubuce, kuma daga Yunin 2022 shaƙe mutum laifi ne mai zaman kansa da ke iya kai wa ɗaurin shekara 5. Yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da izininsa ba shi ma laifi ne a can. Mai ɗauri ya san wannan tun kafin ya buɗe jakarsa: cewa ai ita ta ce in yi ba za ta fitar da shi ba.